Jar Wutar Saman Gilashi

Da sunan Allah. Falmata, gyara zama ki buɗe sabon shafi. Na riga na ba ku labarin yadda aka kawo ni gidan nan daga Yana, da shekarun da babanku ya yi yana jan babbar mota tsakanin Maiduguri da Kano. Yau na zo kan shekarar farar mota, kuma da gangan na ce ke za ki riƙe biron, ba ƙaninki Auta ba. Ke ce kika wuce Yayanku a zaure ranar sadakar arba'in ɗin babanku, ko kallonsa ba ki yi ba. Ke ce kuma kika faɗa a gaban mata cewa shi ya ƙwace wa tsoho makullin mota, ya zaunar da shi a gida har ƙarfinsa ya tafi. Ina ɗaki cikin takaba na ji ki, ban ce komai ba. Ga shi shekara ta zagayo, ba kya kiransa, Auta ma ya bi sahunki, gidan mutum ɗaya ya rabu biyu. Shiruna ya yi tsawo, laifin kuma nawa ne. Ni ko baƙi ɗaya ban sani ba a takarda, amma abin da idona ya gani yana nan a ajiye. Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini.

Kun san ban taɓa kiran sunan Yayanku ba. Ɗan fari ne, mu kuwa haka muka taso a Yana: ba ki kiran sunansa, ba ki yabonsa, ko ana zaginsa a gabanki ba ki tare masa. Tun da ya tafi can aiki nake ce masa Mutumin Kano, to haka za ki riƙa rubutawa.

Babanku, Allah ya haskaka makwancinsa, direba ne tun daga gashin kai har tafin ƙafa. Ko a kujera yake zaune yana ba da labarin hanya, in ya zo wurin hawan tudu sai ki ga hannun dama ya sa giya a iska, ƙafar hagu ta taka ƙasa tana neman kuloci. Abu ɗaya ne ba ya yi wa kowa: ba ya ba da sitiyari. Bakanike zai iya kwance motarsa gaba ɗaya ya baje a tabarma, amma bai isa ya zauna a kujerar direba ya ja ta ba. Da ya ajiye babbar mota sai ya riƙe wata tsohuwar ƙarama, da ita yake zuwa gonarsa ta Bulkachuwa kowane mako, da Gadau wurin yayarsa. A nan gwiwarsa ta dama ta fara ciwo. In ya dawo daga hanya sai ya daɗe a cikin mota kafin ya iya saukowa. Wannan kun sani, kowa ya sani, shi ya sa Mutumin Kano ya yi abin da ya yi.

Ranar wata Asabar, farkon damina, ya shigo unguwa da farar mota 'yar Baljiyam, shi da kansa ya jawo ta daga Kano. Ina tsaye daga cikin zaure ina jin su. Ya buɗe wa babansa ƙofa, ya durƙusa gefe yana nuna masa.

"Baba, wannan ba ta da kuloci. Abin takawa biyu ne kawai, totur da birki. Giya ita take sa wa kanta. Sannan ga wannan maɓallin a jikin sitiyari, kurus ake ce masa. In kun hau kwalta, maleji ya kai inda kuke so, sai ku danna. Koriyar wuta za ta kama a allo, motar ta riƙe gudun da kanta, ku ɗauke ƙafa daga totur, gwiwa ta huta. Da shi na taho yau tun daga Wudil."

"To ni kuma mene ne aikina?"

"Ku riƙe sitiyari, Baba."

Sai babanku ya leƙo ta taga ya ɗaga murya. "Bafillatana, kin ji? An kawo motar da ko ke za ki iya korawa kamar saniya."

"Ai saniya ta fi Babarbare jin magana," in ji ni.

Haka muke da shi tun ina amarya. Shi asalinsu Borno, ni Bafillatana, wasan da ke tsakanin iyayenmu muka shigo da shi har ɗaki. Bai taɓa ce mini Hajiya ba sai in akwai baƙi, ko in ransa ya ɓaci. Ni kuma bakina bai iya kurus ɗin nan ba, sai na sa masa suna huta-gwiwa, har gidan duka ya ɗauka.

To huta-gwiwa bai taɓa kamawa a hannun babanku ba, ko sau ɗaya. Tafiyar farko ya dawo ya ce wataƙila bai iya dannawa ba ne. Aka kira Mutumin Kano a waya ya sake bayani: a fara danna wannan, a jira maleji ya wuce hamsin, a danna wancan. Babanku ya yi, shiru. Ya danna da babban yatsa, ya danna da manuni, ya danna da bismillah, koriyar wuta ta ƙi fitowa. Daga nan ya yanke cewa ramukan hanya ne suka girgiza wata waya, ya kai ta wurin Malam Ya'u, mai gyaran wayar mota a bayan tasha, mutumin da suka san juna tun Ya'u yana koyon aiki. Duk abin da aka yi a garejin nan sai da na ji shi, don babanku in ya dawo ni yake zazzage wa. Malam Ya'u ya fara da fis, 'yan abubuwan nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, ya zare su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a rana, duk lafiya. Ya kwance sitiyari ya auna maɓallan da wata waya mai naɗi da ke bayansu, lafiya. Ya aro kwamfutar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Ya shiga ƙarƙashi ya goge abin da ke ƙirga gudun taya. A ƙarshe ya ce akwai wani ɗan makunni a saman abin taka birki, shi ke gaya wa mota an taka, ya cire ya sa sabo. Bayan kowane gyara sai a fita gwaji a kwalta, don abin ba ya gwaduwa a tsaye. Wa ke tuƙi? Babanku, da babbar rigarsa ta sauko ta rufe ƙafafu, Malam Ya'u na gefe yana kallon allo.

"Alhaji, ku ba ni in ja ta ko zuwa kwanar can ne."

"Ya'u, ina jan mota ana goya ka. Kai dai duba wayarka."

Abu ɗaya ya ɗaure wa Malam Ya'u kai, takalman birki sun cinye cikin wata biyu. Babanku ya ce kayan yanzu ne ba su da ƙarko, aka sa wasu, maganar ta wuce. A cikin kwanakin ne Mutumin Kano ya kira, ke Falmata kina nan kin zo wuni, wayar tana a buɗe kowa na ji. Ya ce, "Baba, in abin ya ƙi, ku rage doguwar tafiya, ko a nemo muku direba." Na ga yadda kika tsuke fuska. Na san tun ranar kika ajiye maganar a ranki, kika jira abin da za ki jingina ta da shi.

Yanzu ga abu biyu da ni kaɗai na sani. Na farko, duk safiyar da babanku zai fita, nakan raka shi bakin zaure, in ce a dawo lafiya, in tsaya daga ciki ina leƙe har motar ta sha kwana a gindin mainar can. Shekara arba'in da ɗoriya ina wannan tsayuwa. Ban san gaban mota ba, amma bayan mota babu wanda ya fi ni sani a Azare. Tsohuwar motarsa in ta tashi, jar wutar baya takan mutu, sai ya isa kwana ta sake kamawa. Farar nan kuwa wutarta ba ta mutuwa. Biyu a ƙasa, ɗaya siririya a saman gilashi kamar an ja layi da jan kwalli, a kunne take tafiya har ta ɓace. Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Ke me kika sani? Motocin Turai haka suke, da rana ma wuta suke kunnawa." Shi ma abin da ya ɗauka ke nan, ni ma na yarda.

Na biyu, ƙafarsa. Bayan la'asar nakan ɗumama ruwa in zuba a roba ya tsoma ƙafafu, in shafa masa man kaɗanya. Wata rana hankalina ya tafi kan tukunya, na manta ban sirka ba. Na dawo na tarar ya tsoma ƙafar hagu yana sauraron rediyo. Na sa hannu in gyara robar, wallahi sai da na yi ƙara, ruwan zai iya fige kaza. Na fizge ƙafar, ta yi jajir, shi kuwa yana kallona yana tambayar lafiya. Da na juya tafin sai ga ƙayar aduwa ta shige har rabi, ya taho da ita daga gona bai sani ba. Muka je asibiti mu biyu, likita ya ce aikin ciwon suga ne, yakan kashe jin ƙafa a hankali. A hanyar dawowa babanku ya ce, "Suga dai a gaya wa yara. Ƙafa kuwa tsakanina da ke." Na ce to. Wannan kafin zuwan farar mota ne da kusan shekara.

Abubuwan nan biyu suna zaune a kaina kamar baƙin da ba su san juna ba, har wata Juma'a da Malam Ya'u ya biyo babanku gida bayan masallaci. Suna zaure, na kawo musu fura, muka gaisa, na juya zan koma sai na ji yana cewa:

"Alhaji, ni abin ya ishe ni. Motar nan ba wayo gare ta ba. Abu ɗaya ta sani: in jar wutar baya ta kama, ana taka birki ke nan, in kuwa ana taka birki ba za ta riƙe gudu ba ko wa ya danna. Kamar ka ce wa mutum tsaya, ka kuma ce masa ruga. Amma na duba wutar nan a gareji ya fi sau goma, a kashe take."

Na tsaya da faifai a hannu. Na ce, "Malam Ya'u, wace wutar ce a ciki? Ai suna da yawa."

"Hajiya, ki duba ta saman gilashin baya. Ita ba ruwanta da dare ko rana, ba ta kamawa sai an taka birki."

"Ka ji Bafillatana za ta buɗe gareji," in ji babanku. Suka yi dariya, ni ma na yi, na shige ciki na zauna a kan turmi.

A gareji wutar a kashe take, don a gareji babanku ba ya cikin motar. Na tuna ƙafar nan da take taka ƙasa ko a kujera. Shekara arba'in tana da wurin zama a mota, an kawo motar da aka cire mata wurin, to ina za ta? Sai ta lallaɓa ta hau abin da ta samu kusa. Ba takawa take yi ba, jingina kawai, irin jinginar da mai lafiya zai ji nan take ya janye. Shi kuwa ba ya ji. Ban so in yarda da kaina ba. Ranar Lahadi muka tafi Gadau suna, ina baya inda na saba zama. Muna tsakiyar hanya na miƙo masa dabino ta tsakanin kujeru, na sunkuya fiye da yadda ya kamata. Iska ta ɗage gefen rigar. Ga takalmin hagu a kwance a kan faffaɗan ƙarfen birki, shi kuma yana ta danna maɓalli yana tsaki.

Kwana uku ina juya abin. In na yi shiru, Malam Ya'u zai ci gaba da kwance lafiyayyar mota, babanku ya ci gaba da tuƙi da ƙafar da ba ta san inda take ba. In na gaya muku, na ci amana. In na gaya masa, na san abin da zan karya. Mutum ne da duk tasha ake miƙe masa, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba zan ce masa ga abin da ƙafarka ke yi. Abin da ya yanke mini shawara shi ne, a rana ta uku ina shafa masa mai sai na mintsini ɗan yatsan ƙafar dama, mintsini mai kyau, da farce. Bai ko motsa ba. Na tuna 'yan makarantar da ke tsallaka titi a bakin kasuwa. Na bar ƙafar a cinyata na ce:

"Alhaji, na san ciwon motarka."

"To, injiniya. A faɗa mana."

"Ba wasa nake ba. Jar wutar saman gilashi a kunne take bin ka kullum har kwanar maina. Ranar Gadau kuma na gani da idona. Ƙafarka ta hagu tana neman kuloci, sai ta kwanta a kan birki. Motar lafiyarta ƙalau."

Ya daɗe yana kallona. Ya janye ƙafarsa daga cinyata a hankali, ya sa a takalmi ko gogewa bai yi ba.

"Shekara arba'in ina kan titi, ko kaza ban taɓa takewa ba."

"Na sani."

"Na shiga daji da tirela babu fitila na fito. Yau ke za ki koya mini inda ake ajiye ƙafa?"

"Ni ban san inda ake ajiyewa ba. Na san inda take."

"Na gode, Hajiya."

Kin ji wannan Hajiyar? Kwana tara ina shan ta. Hajiya a kawo ruwa, Hajiya na fita, Hajiya sannu da aiki. Bai ɗaga mini murya ba, bai ƙi cin abincina ba, amma gara a ce ya yi. Ruwan la'asar ma ya ce a bari. Motar tana ƙofar gida bai taɓa ta ba, masallaci yake zuwa ya dawo ya zauna. Na yi kuka a madafi har na rasa ko hayaƙi ne ko ni ce. Na yi ta tambayar kaina ko da na yi shiru. A duk zamanmu ban taɓa jin nisa da shi kamar waɗannan kwanaki ba, alhali muna tsakar gida ɗaya.

Rana ta goma da hantsi ina tankaɗe, sai na ji daga zaure:

"Bafillatana! Ɗauko mayafinki."

Na bar rariyar a nan. Na fito na nufi ƙofar baya, ya ce, "Ina za ki? Shigo gaba." Ban taɓa zama a gaban mota ba sai ranar. Ya tattare babbar rigar ya ɗora a cinya, ya sa hannu biyu ya kamo ƙafar hagu ya mayar da ita baya can jikin kujera, kamar mai ɗaure ɗan akuya.

"Ga aikinki. Ki sa mata ido. In ta motsa ki doke ta."

"Da me?"

"Da abin da kuke dukan shanu."

Muka fita daga gari muka hau hanyar Bulkachuwa. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai dama da hagu, kwalta a wanke. Sau biyu ƙafar ta fara rarrafawa, sau biyu na ɗaka mata carbi a gwiwa ta koma. Ya ce in dubi allo. Ya yi bismillah ya danna. Falmata, wata 'yar koriyar wuta, ba ta fi ƙwayar wake ba, ta fito ta zauna. Ya ɗaga ƙafar dama daga totur a hankali ya ajiye a ƙasa. Motar ba ta rage ba, ba ta ƙara ba, ta ci gaba da tafiya sumul kamar ana jan ta da igiya. Ƙafafunsa biyu a ƙasa, hannu a sitiyari. Ya fashe da dariya har da buga sitiyari, ni ma ina yi, can na duba na ga hawaye na bin gemunsa.

"Kin gani? Yaron nan bai yi mini ƙarya ba."

"Bai yi ba."

"Wata huɗu ina wahalar da Ya'u. Ashe ni ya kamata a jona wa kwamfutar." Muka wuce wasu mata da ƙwaryar nono. Sannan ya ce, "Ta daman ma ta fara."

"Na sani. Na mintsine ta."

"Muguwa. Dama Fulani ba ku da tausayi."

Muka isa gona, ya zagaya da ni, ya karyo mini zangarniyar gero, muka zauna a inuwa muka ci ɗan abin da muka saya a hanya. Da za mu dawo ya sake danna abin, ya sake kamawa. Da muka shigo gari ya bi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya tsaya a ƙofar gida ya kashe, bai sauka ba. Ya zare makullin yana juya shi a tafin hannu.

"Na gama," in ji shi. "Gara in sauka da kaina da a sauke ni a kan ɗan wani. Amma ki ji. Ba na so a ce a tasha ƙafar wane ta mutu. Ba na so yaran nan su riƙa ɗaukata daga wannan asibiti zuwa wancan suna yi mini magana a hankali kamar jariri. Ina raye kada ki faɗa. In na tafi, bakinki ne."

Ranar Asabar ya sa aka kira Mutumin Kano. Ya miƙa masa makulli a zaure ya ce, "Ɗauki motarka, na gaji da ita." Bai ƙara ko kalma ba. Na ga fuskar yaron nan ta sauya, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Ke kuma kin iso a daidai lokacin da yake fita da ita, kika ga babanki a tsaye hannu babu komai. Kika haɗa da maganar waya, kika gama shari'arki.

Bayan kwana goma wani mai zuwa daga Kano ya kawo saƙo a leda. Takalmi ne mai taushi rufaffe, da safa masu kauri, da wani ɗan madubi mai dogon mariƙi na duba tafin ƙafa. Babu takarda, babu sallahu. Babanku ya jujjuya madubin ya dube ni.

"Yaron nan ya sani."

"Ni ban faɗa ba."

"Na san ba ke ba ce. Ya danna a hanya, ta kama. Motar ce ta faɗa masa."

Mutumin Kano ya gane cewa tunda motar lafiya take, to ƙafar ce, amma ya riƙe abin a cikinsa. Shekara uku kuna yi masa kallon wanda ya wulaƙanta ubansa, ya san kalma ɗaya za ta wanke shi, bai faɗe ta ba, don ya fahimci abin da uban ke rufewa. Ni kuma da alƙawari a bakina, da kunyar ɗan fari a kaina, na zuba ido. Alƙawarin ya ƙare ranar da aka kai babanku. Abin da ya rage bayan nan kunyata ce kawai, ita ta ci mana shekara guda.

Kuna cewa zama ne ya kashe shi. Ni zaman nan ne ya ba ni miji. Da can bayan motarsa na fi sani, a shekara ukun nan na san fuskarsa. Mukan karya tare, abin da ba mu taɓa yi ba. Yakan zauna a bakin madafi yana tsinke mini zogale yana kushe miyata. Direbobi kan kawo mota ƙofar gida su tayar, ya saurara daga kujera ya ce musu ga abin da ke damunta, kuma haka ne. Gona yakan shiga motar haya ya zauna a gaba, ya hana direba sakat da gyara. Malam Ya'u kuwa har yau yana ba da labarin motar da ta gagare shi, in kin gama rubutun nan a karanta masa, a ba shi haƙuri. Kowace la'asar ina duba tafin nan da madubi, ƙaya ba ta sake kwana a ciki ba, da ƙafafunsa biyu cif aka kai shi kabari. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke shi, lokacinsa ne ya yi. Ranar ƙarshe ma sai da ya ce mini kunun Fulani ba gishiri ba daɗi. Har yanzu da safe ƙafata takan kai ni bakin zaure ban sani ba, in tsaya ina kallon kwanar maina. In wata mota ta zo nan jar wutarta ta kama, sai in ji kamar in ce a dawo lafiya. Ina kuka, ba na ɓoyewa. Amma ban taɓa yin da-na-sanin abin da na faɗa masa ba, ban kuma san matar da ta fi ni morewa ba.

Share idonki, kada ki jiƙa mini takarda. Saura layi ɗaya, kuma ba za ki rubuta Mutumin Kano a cikinsa ba. Bari in sha ruwa tukuna.

Rubuta: Mustafa bai ƙwace makullin ubansa ba.

To, ga shi na faɗa, rufin ɗakin bai faɗo ba. Ajiye biron ki ɗauko wayarki. In ya ɗauka, ki fara gaida Yayanki yadda ya kamata, sannan ki miƙo mini. Ina so in ji yadda zai amsa in na kira shi.